Maiwar Kawu a Ƙasar Dogon Yini

Abu na farko da aka karɓe daga hannuna a ƙasar Turkiyya shi ne ƙullin maiwa. Jami'in da ke duba kayan tsirrai a filin jirgin sama ya kwance tsumman, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya jujjuya da yatsa, sannan ya tambaye ni ko abincin tsuntsaye ne na sha wahalar ɗaukowa daga Afirka. Na miƙa masa takardar izinin da jami'ar da zan yi karatu a cikinta ta aiko mini tun ina Illela, na kuma fara yi masa bayani a tsanake. Bai bari na kai rabi ba. Ya ce za a killace irin a bincika ko yana ɗauke da cuta, idan an gama za a neme ni. Na tambaye shi yaushe. Ya ɗaga kafaɗa, ya kira na bayana.

Wajibi ne in faɗi mece ce wannan maiwa tun yanzu, domin duk wahalar da zan ba da labarinta a kanta ta rataya. Gero da maiwa dangi ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta. Gero yana nuna tun damina ba ta ƙare ba. Maiwa kuwa sai ta yi ta girma tana jira, ba ta fitar da kai sai kaka ta gabato. Da ruwan sama ya riƙa ɗaukewa da wuri, manoman Darna Sabon Gari, wani ƙauye kusa da Illela, suka watsar da ita ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana babu mai shuka ta sai Kawu Mamman, yayan mahaifiyata. Tasa ta gado ce. Ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse saiwar hatsi, ba ya cin ƙarfinta kamar yadda yake cin na gero, furarta kuma duk wanda ya sha ba ya mantawa. Aibinta ɗaya ne, jinkiri.

Karatun da na je yi shi ne na kyautata irin shuka, kuma burina a fili yake: in yi barbara tsakanin maiwar Kawu da wani gero mai saurin nuna, ko Allah zai sa a samu a cikin zuriyarsu wanda ya ɗauko jimirin uwa da hanzarin uba. Kawu bai fahimci rabin bayanina ba, amma ya ɗauko ragowar irin da ya yi saura bayan shukar wannan shekara, ya ƙulle mini a tsumma. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ka maido min da abina.”

Zango na biyu shi ne birnin da jami'ar take, can kan tudu a tsakiyar ƙasar. Tun ina gida na kama ɗaki ta hannun wani dillali da na samu a intanet, wanda ya turo mini hotunan gado da taga da tukunyar fure. Na sauka daga mota da akwatina, na bi kwatancen har na iso lambar gidan. Shagon gyaran tayoyi ne. Mai shagon ya duba hotunan a wayata, ya girgiza kai irin na wanda ya saba ganin haka, ya zaunar da ni a kan taya, ya ba ni shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Lambar dillalin kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Da la'asar ta yi, mai shagon ya ja ni zuwa masallacin unguwa, yana nuna mini da hannu cewa akwai wani irina a can.

Ana sallame salla na ji an dafa kafaɗata. “Kai, wanga goshi na Sakkwato ne. Daga ina?”

Na ce daga Illela.

“Illela! Ni ɗan Ƙonni ne. Ai gida guda muke, laduwan ce kawai, kwastan ɗin bakin iyaka, ta raba mu. Tashi mu tahi.”

Haka na haɗu da Alhaji Illiya. Dillalin injinan niƙa ne, yana saya wa 'yan kasuwar Nijar da na Najeriya yana aika musu, kuma ya shekara da shekaru a birnin. Ya ba ni ɗaki a gidansa, ya ƙi ko sauraron maganar haya. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya raɗa mini suna Mushe, wato yadda mutanen ƙetaren iyaka ke kiran malamin boko, kuma har na bar ƙasar bai kira ni Sa'idu ko sau ɗaya ba. Ina shaida cewa ban taɓa ganin mai alheri kamarsa ba. Ina kuma shaida cewa ban taɓa ganin wanda alherinsa ya tayar mini da hawan jini kamarsa ba.

Sai da sanyi ya shigo sosai aka sako mini irin, a cikin kwalba mai murfi, da takardar hukuma manne a jikinta. Na kai wa malamata, Farfesa Nermin, wadda ɗalibai ke kira Hoja. Ta ce ɗakin sanyin da ake ajiye iri yana hannun masu binciken alkama, sai an nemi izini. Na nema. Aka ce in dawo gobe. Wannan goben ta yi ta haihuwar wata goben har na gaji. Ƙwayar iri abu ce mai rai, tana numfashi a hankali, zafi da laima kuma suna ƙone ƙarfin da ta tanada don tsiro. Ɗakina kuwa na'urar ɗumama gida ta mayar da shi kamar gidan burodi. Saboda haka na sa kwalbar a can ƙuryar firijin madafa, na kuma zaunar da Alhaji na yi masa cikakken bayani a kan taskar gado da ke cikin kowace ƙwaya. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, “Awo, awo.” Daga baya na gane cewa haka yake gyaɗa wa mai karanta labarai a talabijin, alhali ba ya jin rabin abin da ake faɗa.

A wannan tsakanin ne ɗan Kawu ya haɗa mu a waya. Muryar Kawu ta yi ƙasa. Ruwa ya ɗauke tun maiwar tana da ciki, ta bushe a tsaye, ko zangarniya ɗaya ba a yanka ba. Ya zaga Amarawa da ƙauyukan da ke kusa ko wani ya ɓoye irinta, bai samu ba.

“Wadda ke hannunka ita kaɗai ta rage, ɗan nan,” in ji shi. “Tana nan lahiya?”

Na ce tana nan lafiya ƙalau, a wuri mafi aminci.

Ba a jima ba zazzaɓin sanyi ya kayar da ni. Na kwanta ina rawar ɗari, bakina ya ƙi karɓar komai. Miyar ƙasar da burodinsu, waɗanda na daure ina ci a da, ko ƙanshinsu ban iya jurewa ba. Ba na tunanin komai sai rumfar mahaifiyata da ƙarar babura a bakin iyaka, ƙarar da na tsana duk tsawon rayuwata. Wata rana da hantsi Alhaji ya turo ƙofa, riƙe da kwano da ludayi, fuskarsa cike da annuri.

“Tashi, Mushe. Yau ciwonka ya ƙare.”

Fura ce. An dama ta da kindirmon ƙasar, ga citta, ga kanumfari. Na kai ludayin farko baki, sai hawaye suka zubo mini. Na ga zauren Kawu, na ga tabarmarsa, na ga ƙwaryar da ake ajiye mana idan mun je hutu. Na shanye kwanon tas, Alhaji ya ƙaro, na sake shanyewa. Na yi masa addu'a mai tsawo, har da iyayensa. Sannan na ce, “Alhaji, a ina ka samo hatsi irin wannan a ƙasar nan? Wallahi kamar maiwar Kawuna.”

“Ai ita ce,” ya ce. “Ga ta nan cikin firiji kana ta rowa, kai kuma kana mutuwa da yunwa. Na kai ta shago, na sa a injin gwaji. Ka ji laushi?”

Ban san lokacin da na isa madafa ba. Na buɗe firijin, na jawo kwalbar. Ta yi sakayau.

Ni mutum ne mai kiyaye harshensa. Ina ƙoƙarin yin daidaitacciyar Hausa ko a cikin gida. Amma a wannan rana Hausar Illela ce ta kuɓuce mini. “Alhaji, mi na yi maka? Mi na yi maka a duniya? Ba ka ga takarda manne ba?”

“Na gani. Na ɗauka ta laduwan ce.”

“Ba na zaunar da kai na yi maka bayani ba?”

“Ka yi. Ka ce abu ne mai daraja. To mi ya fi lahiyarka daraja? A gidanmu in baƙo ya kwanta ciwo, ko hatsin iri ne sai a sauke a dama mashi. Kunyata ce a ce ɗan Illela ya rame a hannuna ga hatsi a ɗaki.”

Na faɗa masa abin da Kawu ya faɗa mini. Na gaya masa cewa abin da muka sha, ni da shi, domin ashe shi ma ya taɓa, shi ne ƙarshen maiwar da kakanninmu suka riƙe. Ya zauna a kan kujera, ya cire hula. Can ya ce, “Ban ƙarar da ita ba. Duba gindin kwalbar.”

Na duba. Akwai ɗan abin da bai cika cokalin shayi biyu ba.

“Innata ba ta taɓa barin mazubin hatsi wayam ba,” in ji shi. “Ko rumbu, ko ƙwarya, sai ta bar ɗan abu a gindi don albarka. Hannuna bai iya juye mazubi duka.”

Ban gode masa ba a lokacin, kuma ina ganin duk mai adalci zai yi mini uzuri.

Da na kai wa Hoja labari, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba dariya take yi ba, sannan ta ci gaba da yi. Da ta natsu sai ta faɗi abin da na riga na sani. Irin gargajiya jama'a ce guda: wannan ƙwaya ta gaji jure ƙuduji, waccan ta gaji zaƙi, wata ta gaji tsawon kai. Idan aka rage jama'ar ta koma 'yan tsiraru, wasu halayen sun tafi ke nan har abada, kuma babu mai iya sanin waɗanne ne ta hanyar kallon ƙwaya, domin abin da ido ke gani daban, abin da ke ƙunshe a gado daban. Ta ce ba mu da ƙwayar da za mu ɓata a gwajin tsiro. Kowace ɗaya sai ta shiga ƙasa. Washegari, abin mamaki, aka samu gurbi a ɗakin sanyi.

Zango na gaba shi ne filin gwaji, bayan sanyi ya wuce. Na shuka su a cikin rabin duro-duro da aka cika da ƙasa, a gefen filin. Fiye da rabi suka tsiro, na yi sujadar godiya a kan turɓaya. Kusa da su na riƙa shuka geron nan mai sauri kashi-kashi, mako bayan mako, domin duk ranar da maiwar ta shirya a samu wanda ke zubar da bununi, wato garin nan mai launin ɗorawa da namijin fure ke saki.

Na san matsalar da ke gabana tun kafin in shuka. Maiwa tana auna tsawon dare ne. Ganyenta ke jin duhu, kuma ba za ta ɗauki ciki ba sai dare ya kai wani tsawo, kamar yadda yake kaiwa a Darna idan kaka ta matso. A wannan ƙasa kuwa yinin bazara yana kusan awa goma sha biyar, ana sallar magariba a lokacin da mutanen Illela suka gama cin tuwo. Kafin dare ya yi tsawon da take so, sanyi mai daskarar da ruwa ya kusa, shi kuma kashe ta zai yi a tsaye. Jami'ar tana da ɗakin da ake sarrafa haske, kuma an yi mini alkawarinsa. Da lokaci ya yi aka ce na'urarsa ta lalace, ana jiran wani ƙarfe. In dawo gobe.

Maiwar ta yi ta girma. Ta wuce ƙuguna, ta wuce kaina, ta yi 'ya'ya ta cika duro, ganye shar kamar an shafa mai. Gero kashi na farko ya fitar da kai, ya zubar da bununinsa a banza, na biyu ma haka. Alhaji, wanda tun ranar fura ya ɗora wa kansa zuwa filin kullum, ya tsaya yana kallonta.

“Mushe, anya wagga ba juya ba ce? Ko a ƙara mata taki?”

Na ce taki ganye zai ƙara mata. Na bayyana masa cewa dabarar da ta rage ita ce a yi mata daren ƙarya: a lulluɓe ta da abin da haske ba ya ratsawa tun da la'asar, a buɗe da safe, kullum babu fashi, har tsawon makonni. Hoja ta amince, amma ba ta da mayafi mai girman haka, ni kuma ina da darasin harshen ƙasar kowace yamma, wanda idan na yi fashinsa za a janye mini tallafin karatu.

“Tamfol ɗin da nike rufe injina fa?” in ji Alhaji. “Baƙi ne, mai kauri. Kai ka buɗe da sahe, ni in rufe da la'asar. Bar min wanga, in wanke laifina.”

Muka kafa sanduna, muka yi mata rumfa. Na maimaita masa sharaɗin har sau uku: da an yi la'asar a rufe, kada a ɗaga ko gefe. Ya ce, “Awo, awo.” Da na tuna inda na taɓa jin wannan amsa, da na nemi wani.

Makonni suka shuɗe. Kowace safiya ina tarar da rumfar a rufe ruf, in buɗe, in matsa saman karan da yatsu ko zan ji kumburin ciki. Babu. Na sake karanta duk abin da aka rubuta a kan lamarin. Na zargi tamfol, na shiga ciki da rana na rufe kaina ina neman huda, har gumi ya jiƙa ni. Na fara zargin ko halin amsa duhun ne muka shanye a fura.

Amsar daga Darna ta zo. Ɗan Kawu ya turo mini hoto, da saƙon muryar Kawu yana murna: “Sa'idu, na ga maiwata a waya! Ta yi kyau, tubarkalla. Su wane ne waɗanga mutane?”

A hoton, ga maiwar a buɗe, tamfol a naɗe gefe. Ga Alhaji a kan darduma da baƙi huɗu cikin manyan riguna, ga butar shayi a kan gawayi. Inuwarsu ta miƙe har ta fita daga hoton, hasken kuma ja ne, na rana mai shirin faɗuwa. Hoton ya bi wayoyin 'yan kasuwa daga Ƙonni ya tsallaka Illela, ya isa Darna, kafin ya dawo wurina, ni da ke kwana gida ɗaya da mai shi.

A wannan yamma na yi fashin darasi. Na same su a filin, wasu baƙin ne ma daban, ɗaya yana tsaye a jikin karan ana ɗaukarsa hoto. Na yi sallama, na gaida kowa yadda ya kamata, sannan na roƙi Alhaji ya zo gefe.

“Tun yaushe?” na tambaye shi.

“Mushe, mutanen ga sun yi wata ba su ga karan hatsi ba. Wani har kuka ya yi. In ce masu mi? In ce maiwa na kulle? Kuma ai ina rufewa. Da an kira magariba nike rufewa, ban taɓa fashi ba.”

“Magaribar ƙasar nan, Alhaji! Daren da kake ba ta shi ne daren da Allah ya riga ya ba ta. Makonnin nan duka tamfol kawai muke wa hidima.”

“To ba ka ce don zafi ba ne? Na ga da yamma zafin ya sauka.”

Ban taɓa cewa don zafi ba ne. Na rantse ban taɓa ba. Na tsaya ina kallon wannan dattijo da ya ɗauke ni daga kan taya ya ba ni ɗaki, na rasa kalmar da za ta fito da abin da ke raina ba tare da na yi rashin ladabi ba. Abin da na iya cewa shi ne, “Idan sanyi ya riga mu, kai za ka kira Kawu ka faɗa masa. Ni ba zan iya ba.”

Wannan ta shige shi fiye da duk bayanan kimiyyar da na taɓa yi masa. Ya juya wurin baƙinsa ya ce, “Jama'a, a tashi. Maiwa za ta kwana.” Tun daga ranar ya sayo kwaɗo ya sa wa igiyar rumfar, ya kuma mayar da zaman shayinsa bakin ƙofar filin, inda yake tare duk wanda ya zo kallo. Na ji da kunnena yana yi wa wani Alhaji daga Tawa bayanin cewa ganye ne ke jin duhu, da muryar wanda ya gano abin da kansa.

Muka fara daga farko, a ƙurarren lokaci. Ranar da na matsa saman wani kara na ji ya kumbura, ban gaya wa kowa ba sai da na zaga na taɓa sauran. Da kawunan suka fara leƙowa, na rufe kowanne da jakar takarda tun kafin ya buɗe, don kada iska ta kawo masa bununin da ban zaɓa ba. Hatsin nan yana da wata baiwa da ke sauƙaƙa wa mai barbara aiki: farin gashin macen fure yana riga namijin fitowa da 'yan kwanaki. Saboda haka idan kai ya yi fari, sai in kaɗo bununin gero a jaka da hantsi, in juye a kansa, in mayar da rufi, in ɗaura alama. Kaɗan na yi wa haka. Mafi yawa na bar su maiwa zalla, domin amanar Kawu ita ce gaba da digirina. Su kuma ban bar kowane kai ya auri kansa ba, saboda hakan yana raunana zuriya. Na riƙa tara bununin dukkan tsirran maiwar wuri ɗaya, in gauraya, in raba musu, yadda iska za ta yi a gonar Darna.

Ƙwaya tana cikin madara aka sanar cewa sanyi mai daskarewa yana tafe a ƙarshen mako. Hoja ta roƙi mai kula da ɗakin gilashin da ake renon tumatir, ya matsa tukwanensa ya ba mu lungu, bai nemi takarda ba, bai ce gobe ba. Alhaji ya kawo babbar motar da ke ɗaukar masa injina da ma'aikatanta. Haka muka ratsa harabar jami'a da maiwa tsaye a bayan mota, kowane kai sanye da farar jaka, ɗalibai suna ɗaukar hoto, Alhaji yana tafe a ƙasa yana daka wa direba tsawa da Hausa. Karan ya fi ƙofar tsawo, sai da muka kwantar da kowane duro muka shigar da shi a gicciye. Kai biyu suka karye. Washegari da safe geron da muka bari a fili ya yi baƙi kamar an babbake shi.

Na girbe da hannuna, na sussuka da tafina. A wannan karon, kafin in je ko'ina, na kai rabo ɗakin sanyi. Ragowar karatun, da rubutun, da jarrabawar, ba su da labarin da ya kai a ba da.

Na iso Illela ana shirin damina. Ban kwana biyu ba na hau babur zuwa Darna, da kwalbar nan dai ta farko a cikin jaka, cike har wuya, da kuma ɗan ƙunshi na 'ya'yan barbara. Na sami Kawu a zaure. Bayan gaisuwa ya nuna ƙunshin ya ce, “Wanga shi ne mai saurin?”

Na ce tukuna. Waɗannan 'ya'yan fari ne. Sai an shuka su, jikoki su fito kowanne da halinsa, wani ya biyo uwa, wani uba, a zaɓa, a sake shukawa, a sake zaɓa, shekaru masu yawa.

“Shekara biyu a ƙasar Turawa, ashe aure kawai ka ɗaura,” in ji shi. “Miƙo min tawa.”

Na miƙa masa kwalbar da hannu biyu. Ya buɗe, ya shinshina, ya zuba a tafinsa. Kafin in ankara ya watsa a baki.

“Kawu!”

Ya ɗaga mini hannu, yana tauna a hankali, idonsa a rufe. Na zauna ina ƙirga asarar a zuci, ina tambayar kaina ko akwai Bahaushe ɗaya a duniya da zai ga wannan maiwa bai kai ta baki ba. Ya haɗiye. Ya buɗe ido.

“Ita ce,” ya ce.

Ya kira a kawo masa goran da yake ajiye iri, ya kafa bakin kwalbar a kansa, ya riƙa zubawa a hankali. Da ta kusa ƙarewa sai ya tsaya, ya duba gindinta, ya mayar da murfi, ya miƙo mini da ɗan abin da bai cika cokali biyu ba.

“Riƙe wannan,” ya ce. “Ba a maida wa mutum mazubi wayam.”